Dariya a Bakin Tukunyar Mugu

A 1974 Tobe Hooper ya fito da fim ɗin The Texas Chain Saw Massacre, labarin wasu 'yan gida ɗaya a ƙauyen Texas da ke kashe matafiya su ci namansu. Jini kaɗan ya nuna, amma tsoron ya hana mutane barci. A 1986 ya dawo da kashi na biyu, ya cika shi da jini da barkwanci. Babban gidan, Drayton Sawyer, ya zama ɗan kasuwa, har ya lashe gasar dahuwar nama da barkono, jama'a na santi ba su san abin da ke cikin tukunya ba. Masu kallo da yawa sun ji haushin wannan sauyi, ni kuwa ina ganin nan ne fim ɗin ya faɗi gaskiyarsa. Hooper ya yi wa kwaɗayin Amurka ta zamanin Shugaba Reagan hannunka mai sanda: inda riba ta zama komai, ɗan Adam ma haja ne. Drayton bai damu da rayukan da ya salwantar ba, kukansa kullum wahalar ƙaramin ɗan kasuwa. Abin da ke damuna shi ne yadda aka ba Leatherface, ɗan gidan mai kisa da zarto, zuciyar soyayya har ya fara ba da tausayi. Dariya ta halatta idan mugu take tona wa asiri. Idan ta sa aka manta da wanda aka yanka, ta zama abokiyar ɓarna.