Saifa ta Kumbura? A Gwada Kafin a Yi Sakiya

Ɗan'uwa, idan ka ji wani abu mai tauri a ƙarƙashin haƙarƙarinka na hagu, mai yiwuwa saifa ce ta kumbura. A ƙauyukan Gadarif, bakin kogin Atbara da na Rahad, mutane kan ce kala-azar ne tun kafin a gwada. Sau da yawa gaskiyarsu ce, domin ɗan ƙwaron da ke kawo cutar yana son baƙar ƙasa mai tsagewa da wurin da itatuwan aduwa suke. Mai kala-azar yakan yi zazzaɓi fiye da mako 2, yana ramewa. In ba a yi magani ba, da wuya ya rayu. Allurar kwana 17 tana warkar da yawancin masu ita.

Amma saifa tana kumbura da wasu dalilai. Zazzaɓin cizon sauro mai yawan dawowa yana kumbura ta, haka ma tsutsar da ake ɗauka a ruwan noman rani. Akwai kuma wanda ba a cika gani ba: jijiyoyin jini su dunƙule cikin saifa su zama ƙari. Wannan ƙari ba ciwon daji ba ne, ba ya yaɗuwa, allurar kala-azar kuma ba ta taɓa shi. Hannu ba ya iya bambanta su. Sai an gwada jini, an ɗauki hoton ciki, wani lokaci ma sai an tura mutum babban asibiti don hoto mai zurfi.

Saboda haka muke roƙonka, kada ka bari a yi maka sakiya ko tsaga, kada a murza wurin da ƙarfi. Saifa cike take da jini. Idan ta fashe, jinin yana zuba a ciki inda ido ba ya gani, mutum yana iya rasa ransa kafin mota ta kai gari.

Mun san hanya da nisa, kuɗin mota da nauyi, musamman lokacin yankan riɗi da dawa. Amma maganin da aka saya bisa zato ya fi tsada, ciwon kuwa yana nan.

In likita ya ce ƙarin ƙarami ne, a bar shi ana dubawa, ka riƙa komawa ranar da ya sa maka. In aka cire saifar, ka karɓi rigakafi, ka kwana cikin gidan sauro, ka je asibiti ranar da zazzaɓi ya fara. Mu yi wa marar lafiya addu'a, mu kuma haɗa masa kuɗin mota.