Gani ya kori ji

Yaron Tanut ya san raƙumi, ya san amalanke, ya san manyan motocin da ke bin hanyar Agadas. Yarinyar Balbeji ta san rijiya mai zurfi, ta san tabkin damina wanda kan ƙafe da rani. Amma da yawansu ba su taɓa ganin jirgin ruwa ba, domin ƙasar Nijar ba ta da teku.

Duk da haka mutanen Damargu matafiya ne. In an kai hatsi rumbu, samari kan tafi cin rani, wasu har bakin teku. Wasu kuma karatu ko aiki ke kai su. To, duk wanda tafiya ta kai shi Dakar, babban birnin Sanigal, ya kamata ya ware yini ɗaya ya je Gore.

Gore tsibiri ne, wato ƙasa ce wadda ruwa ya kewaye ta ko'ina. Unguwa ce ta Dakar, sai dai ba a zuwanta da ƙafa ko da mota. Sai mutum ya je tashar jiragen ruwa, ya yanki tikiti, ya shiga jirgi tare da ma'aikata, da mata masu talla, da baƙi. Jirgi ya kama hanya, ya wuce manyan jiragen kaya, benayen Dakar suna ta ƙanƙancewa a baya. Tafiyar kilomita 3 ce, kamar minti 20. Tsawon tsibirin bai cika kilomita 1 ba. Babu mota cikinsa, kowa da ƙafa yake yawo.

Wani zai ce: «Ni ban iya ruwa ba.» Amma mazaunan Gore kullum cikin wannan jirgi suke zuwa aiki su komo. Wani zai ce: «Kuɗin gumina ba na yawo ba ne, Gore ta Turawa masu buɗe ido ce.» Tattali abu ne mai kyau. Sai dai abin da ke Gore ya fi shafar ɗan Damargu bisa Bature.

Na farko, akwai Gidan Bayi, wanda aka gina wajen shekarar 1776. A ƙasansa akwai ƙananan ɗakuna masu duhu, da wata ƴar ƙofa mai duban teku. Masana tarihi sun yi saɓani kan yawan bayin da suka bi ta Gore. Ba su yi saɓani ba kan cewa miliyoyin ƴan Afirka aka ƙetare da su zuwa nahiyar Amurka. Don tunawa da su ne Unesko ta sa tsibirin cikin wuraren tarihi na duniya a 1978.

Wannan labari ba na bakin teku kaɗai ba ne. A zamanin da, ayari kan taso daga Kano, ya biyo ta Damagaram da Damargu da Abzin, har Tarabulus. Yana ɗauke da fatu da gashin jimina, yana kuma kore da bayi. Teku ta tafi da wasu, Sahara ta tafi da wasu. A 2003 Nijar ta kafa doka mai hukunta duk wanda ya riƙe ɗan Adam bawa. Amma doka ba ta shiga bakin mutum ta hana shi gori. Wanda ya tsaya cikin ɗakin nan mai duhu, da wuya ya komo gida ya ce wa maƙwabcinsa «ɗan bayi».

Na biyu, a Gore makarantar horon malamai ta Wilyam Ponti take daga 1913 zuwa 1937. Can Bubu Hama ya yi karatu, ya fito malamin makaranta a 1929. Can kuma Jori Hamani ya yi nasa, shi ne ya zama shugaban Nijar na farko a 1960. Su ma daga ƙasar da ba ta da teku suka fito. Suna samari suka ƙetare wannan ruwa, suka komo da ilimi suka koyar da yara.

Matafiyi kan komo da rediyo ko turmin atamfa. Rediyo kan lalace, atamfa kan tsufa. Wanda ya je Gore kuwa, in ya zauna da ƙannensa a tsakar gida da dare, yana da abin da zai faɗa masu, abin da ya gani da idonsa.

Tambayoyi

1. Mene ne tsibiri?
2. Me ya haɗa tarihin Gore da na Damargu?
3. Ku tambayi wani tsoho labarin ayarin da, ku rubuta abin da ya faɗa maku.