Maganar radiyatar da tiyo: a gyara a garaji, kada a gyara a daji

Yau maganarmu kan motocin kasuwa ce, waɗannan tsofaffin Hilux da Land Cruiser da ke ɗaukar gero, awaki da mutane, wata rana har da mai naƙuda zuwa likita. Bayan watan sanyi, in zafi ya kama, maganar da ke yawan zo mana daga masu sauraro guda ce: mota ta tafasa a hanya. Mu ra'ayinmu shi ne, radiyatar da ya gaji a canza shi, a canza shi daidai, a bar toshe-toshe.

A wata ƙasa, motar da ta tsaya a hanya ɓata lokaci ne kawai. A nan ba haka ba ne. Tun 2017 Abala ke cikin dokar ta-ɓaci, kuma kowa ya san abin da ake nufi in anka ce dare ya riski mota cike da mutane a daji. Ga ƙishirwa, ga ranar Afrilu da Mayu da ke wuce digiri 40. Tiyo guda ɗaya da ya fashe na iya jefa rayuka cikin wanga hali.

Mu fahimci yadda abin yake aiki. Famfon ruwa, wanda masu garaji ke kira pompa o, shi ke jawo ruwa daga ƙasan radiyatar ta tiyon ƙasa, ya tura shi cikin inji. Ruwan ya kwashi zafi, ya fito ta tiyon sama, ya koma radiyatar, iska ta huce shi, ya sake zagayowa. Marfin radiyatar kuma ba ado ba ne: shi ke riƙe matsi, har ruwan da zai tafasa a digiri 100 ya jure kusan 120. Marfin da robarsa ta mutu, ko tsumman da anka cusa a madadinsa, ya isa ya sa mota lafiyayya ta yi ta zubar da ruwa.

To me ke kashe radiyatar a ƙasarmu? Daga waje, ƙura da ƙarangiya da 'ya'yan ciyawa na toshe gaban shi, iska ba ta ratsawa. Daga ciki, ruwan rijiya da ake zubawa kullum na barin gishiri da tsatsa cikin siraran bututu. In ya fara yoyo sai a zuba mishi ƙwai, ko garin barkono, ko a shafa sabulu. Ramin na iya toshewa na kwana biyu, amma abin da ya toshe rami shi ke toshe bututun da ke da lafiya. Daga nan sai a cire tarmosta a jefar, a ce ƙasar zafi ba ta buƙatar shi. Alhali wannan ɗan ƙarfe shi ke riƙe inji a zafin da ya dace, kuma a injuna da yawa in babu shi wani ɓangaren ruwan na zagayawa cikin inji bai bi ta radiyatar ba. An ɓoye ciwo, ba a warkar ba.

Mun san amsar da masu mota za su ba mu: ina kuɗin? Gaskiyarsu ne. Kayan gyara sai an tahi Yamai, ta Filinge da Balleyara, kuma tun da iyakar Benin ta rufe a 2023 hanyar kaya ta yi tsawo. Amma mu yi lissafi tare. Injin da ya tafasa sau biyu, sau uku, juwan kilas ne ke ƙonewa, wata rana kilas ɗin kanta ta tsage. Nan fa ba maganar radiyatar ake ba, sai an buɗe inji, mota ta yi makonni kan dutse, kasuwanni na wucewa, iyali na jira. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

In an tashi canzawa, ga abin da mai mota ya kamata ya tsaya ya gani da idonsa. Radiyatar ya zama na irin injin, ba ƙarami da anka ɗaure da waya ba. In tsohon na tagulla ne kuma cikinsa bai ruɓe ba, mai walda na iya buɗe shi ya wanke ya like; na alminiyum mai kan roba kuwa, in ya tsage, ya gama aiki. A mayar da robobin da yake zama a kansu, don girgizar hanyarmu ita ke tsaga shi. A mayar da murfin da ke kewaye da fanka, shi ke tilasta iska ta bi ta radiyatar lokacin da mota ke jan kaya cikin rairayi.

Sai tiyo, wato durit. Sabon radiyatar da tsohon tiyo aikin banza ne. Wanda ya kumbura, ko ya yi tauri, ko ya yi laushi kamar ɗanyen fata, a fid da shi. Kowane tiyo na da lanƙwasarsa. In anka tilasta miƙaƙƙe ya lanƙwashe, sai ya matse, ruwa ya kasa wucewa. Kada ya goga igiyar fanka, kada ya kusanci bututun hayaƙi, kada ya kwanta kan ƙarfe mai kaifi. A ɗaure da kolye bayan tudun bakin bututu, ba da waya ko robar tib ba. Ƙananan tiyo biyu na na'urar ɗumama gida, in ta lalace, a haɗe su ko a toshe su da kyau, ba da ƙusa ko itace ba. Bayan an cika ruwa, a bar inji ya yi aiki har iskar da ta maƙale ta fita, ya huce, a ƙara.

Ruwan radiyatar mai launi na kanti ya fi, don yana hana tsatsa. Amma guba ne mai zaƙi, a nisanta shi da yara da bisashe. Kuma ku yaran mota, don Allah kada ku buɗe marfi inji na da zafi.

Kiranmu ga shugabannin tasha da na sandika: kafin a yi lodi, wani ya duba tiyo, marfi da ƙarƙashin mota. Masu mota su yi adashi don kayan gyara, kowace mota ta riƙe tiyon sama da na ƙasa da kolye a ajiye. Ku kuma fasinja, in kun ga ana ɗura ruwa tun mota ba ta tashi ba, kuna da ikon tambaya.

Malam direba, mai garaji, ku rubuto mana naku ra'ayi a ƙasa, za mu karanta a shirinmu. Allah shi kai kowa gida lahiya.