A Tono Shi Har Gindi

'Yan'uwa manoma, in ruwa ya kankama a watan Agusta, naman kaza yakan tsiro a gonakinmu, daga Dutse har Kiyawa da Jahun. Yara masu kiwo su ne kan fara ganinsa, su tsinko shi daga sama su kawo gida. Mu dai a ganinmu wannan tsinke ya kamata a daina. A sa wuƙa a tono shi har gindi, gama a can alamar take.

Akwai irin da ke fitowa daga cikin wata fata mai kama da ƙwai. In ya girma sai ya fasa ta, sauran fatar ya zauna a gindin karan kamar ɗan ƙoƙo, sau da yawa a binne cikin ƙasa. Dangin da masana ke kira Amanita da yawansu suna da wannan ƙoƙo, kuma a cikinsu ne ake samun masu kisa. Dafuwa ba ta kashe dafinsu, shanya ma haka. Mutum kan yi awa 6 ko fiye lafiya lau, sa'an nan amai da zawo su taso. Bayan kwana ɗaya ko biyu sai ya ji sauƙi, mutanen gida su ce ya warke, alhali hantarsa na lalacewa.

Wani zai ce, ai akwai mai ƙoƙo da ake ci. Gaskiya ne, a ƙasar Sin har nomansa ake yi a kan karan shinkafa. Amma kamar da ke tsakaninsu ita ce abin tsoron. A shekara ta 2012 mutum 2 suka mutu bayan sun ci mai dafin a birnin Canberra na Ostireliya. Saboda haka muke cewa duk mai ƙoƙo a bar shi.

Rashin ƙoƙo kuwa ba shaida ba ne. Akwai wata farar laimar kwaɗi ta cikin ciyawa, wadda ƙarƙashinta kan koma kore in ta tsufa. Ba ta da ƙoƙo, amma tana sa amai mai tsanani. Batun cewa abin da tsutsa ta ci mutum ma zai iya ci, wannan zancen banza ne.

A taron ƙungiya mai zuwa, bari dattawan da suka san na kan suri, mai doguwar saiwa, su kawo shi ɗungum su nuna wa yara. Wanda kuma ya ci irin da ake shakka, a kai shi asibiti a Dutse ranar nan, tare da ragowar abin da ya ci, kada a jira amai.