Sunayen Titunan Dulwich da Haƙƙin Waɗanda Aka Yi Waƙafi Dominsu

A kudancin birnin Landan akwai wata unguwa mai yalwar itatuwa da filaye da ake kira Dulwich, wadda duk mai bin titunanta yana duban allunan da aka kafa a kusurwoyinsu, muddin yana da ɗan sani a kan tarihin wurin, ba zai jima ba sai ya tarar da cewa nasabar mutum guda ce yake karantawa, da mahaifiyarsa da matarsa da surukinsa da abokan sana'arsa, kowa da titinsa. Wannan al'amari ya cancanci nazari, domin a ganina sunan titi wani haƙƙi ne da ake bai wa mamaci a kan ƙasa da kuma a kan harsunan rayayyu, kuma duk inda aka raba haƙƙi wajibi ne a tambayi wa aka bai wa, wa aka hana.

Mafi tsufan sunayen wurin ba wata hukuma ce ta raɗa su ba, daga bakin manoma suka fito. Shi kansa sunan Dulwich yana rubuce tun shekara ta 967 a cikin wata takardar kyautar ƙasa ta Sarki Edgar, kuma masana tsohon Turanci sun fassara shi da cewa makiyayar da wani tsiro mai ƙamshi, wanda suke sa wa a abinci, yake fitowa. Haka nan Lordship Lane, doguwar hanyar da yau ta cika da kantuna, ta sami sunanta ne saboda ita ce iyakar da ta raba gandun ubangidan Dulwich da na maƙwabcinsa na Friern. Goose Green kuwa fili ne na kiwon dinya, shi kuma Dog Kennel Hill tudu ne da ake danganta shi da akurkin karnukan farauta. Irin waɗannan sunaye ba su yabon kowa, abin da ido ya gani suka faɗa, shi ya sa ko da gonakin suka shuɗe, aka shimfiɗa kwalta a kan makiyayar, har yanzu su ne shaidun da suka rage a kan yadda ƙasar take kafin birni ya haɗiye ta.

Amma mafi yawan sunayen, kuma su ne abin maganata, suna komawa ne ga Edward Alleyn, wanda aka haifa a 1566 ya rasu a 1626, mutumin da ya shahara a zamanin Sarauniya Elizabet ta 1 da iya wasan kwaikwayo, har shi ne ya fito a manyan wasannin Christopher Marlowe. Dukiyarsa ba daga dandalin kwaikwayo kaɗai ta zo ba, domin a 1604 shi da surukinsa Philip Henslowe suka sayi muƙamin kula da dabbobin wasan sarki, inda ake ɗaure dabbar beya a turke a sako mata karnuka jama'a na biya suna kallo, sana'ar da ta fi wasan kura na gardawa muni nesa ba kusa ba. Da wannan dukiya ya sayi gandun Dulwich a 1605 daga hannun Sir Francis Calton, wanda kakansa maƙerin zinariya ya same shi bayan Sarki Henri na 8 ya rushe gidajen ruhubanawa ya ƙwace ƙasashensu, ita kuwa wannan ƙasa ta daɗe a hannun ruhubanawan Bermondsey. Da yake Allah bai ba Alleyn magaji ba, sai a 1619 ya mayar da gandun duka waƙafi, ya kira shi Kwalejin Kyautar Allah, ya shar'anta cewa da kuɗin hayarsa za a ilmantar da yara matalauta 12, a kuma ciyar da gajiyayyu maza 6 da mata 6 har iyakar ransu. Ya ƙara da wani sharaɗi mai ban mamaki, cewa shugaban kwalejin da mataimakinsa dole su kasance masu ɗauke da sunansa, Alleyn ko Allen, abin da ke nuna cewa mutumin, tare da niyyarsa ta alheri, yana tsoron kada sunansa ya mutu.

Bai kuwa mutu ba. Lokacin da jirgin ƙasa ya iso yankin a shekarun 1860, aka fara yanka gonaki ana gina gidajen akawuna da 'yan kasuwa masu zuwa aiki cikin gari, sai aka buƙaci sunaye da yawa a lokaci ɗaya, aka kuwa koma ga tarihin mai waƙafi aka ɗebo. Akwai Alleyn Road da Alleyn Park. Akwai Townley Road don tunawa da mahaifiyarsa Margaret Townley. Akwai Woodwarde Road don matarsa ta fari Joan, wadda ya aura a 1592, agola ce a gidan Henslowe, shi ma Henslowe ɗin yana da titinsa a gabashin unguwar. Calton Avenue ta riƙe sunan gidan da aka sayi ƙasar daga gare su. Dekker Road na marubucin wasanni Thomas Dekker ne. Burbage Road kuwa, wadda na fi jin daɗin samuwarta, tana ɗauke da sunan Richard Burbage, babban ɗan wasan ƙungiyar Shakespeare, wato abokin gabar Alleyn a sana'a, kuma karamci ne a ajiye wa kishiya wuri a cikin gida bayan mutuwa ta raba gardama. Da sunan ya ƙare musu ta gaba, sai suka juya shi ta baya, suka sami Eynella Road, wanda in ka karanta haruffansa daga ƙarshe zuwa farko za ka ga Allenye, wanda ya yi kusa da Alleyne, ɗaya daga cikin hanyoyin rubuta sunan a da.

Wasu titunan suna nuni ga abin da ya biyo baya. Desenfans Road na Noel Desenfans ne, dillalin zane-zane, wanda shi da abokinsa Francis Bourgeois suka tara hotuna domin sarkin Polan, amma kafin su miƙa amanar sai maƙwabta suka rarraba ƙasarsa a 1795, sarkin ya rasa gadonsa, hotunan suka zauna a hannunsu har Bourgeois ya yi wasiyyarsu ga kwalejin a 1811; gidan da aka gina domin ajiye su, wanda Sir John Soane ya tsara, shi ya ba Gallery Road suna. Gilkes Crescent na wani shugaban makarantar ne da ya riƙe ta daga 1885 zuwa 1914. Har mutumin da bai taɓa rayuwa ba ya sami rabo, domin Pickwick Road ta samo sunanta daga gwarzon littafin Charles Dickens, wanda marubucin ya ce a Dulwich ya yi zaman hutun tsufansa.

Duk waɗannan ina ganin suna da hujja, saboda kowane ɗaya yana da wata alaƙa da ƙasar ko da mai ita. Waɗanda ba ni da sha'awarsu su ne irin Ashbourne Grove da Chesterfield Grove da Derwent Grove na gabashin unguwar, sunayen wurare na lardin Derbyshire mai nisa, waɗanda magini ya ɗauko daga mahaifarsa ya liƙa a kan gonakin da ba su san su ba. Babu laifi mutum ya yi begen gida, amma suna irin wannan bai gaya wa mazaunin titin kome game da inda yake kwana ba.

To, sai dai akwai giɓi a cikin wannan dogon jeri, kuma shi ne ya sa na ɗauki alƙalami. Waƙafi, a wurin kowace al'umma da ta san shi, yana da rukunai: mai bayarwa, da abin da aka bayar, da masu kula, da waɗanda aka bayar dominsu, na ƙarshen nan kuwa su ne dalilin samuwarsa, domin in babu su babu ladan da mai bayarwa yake nema. A sunayen da na lissafa an tuna da mai bayarwa har sau uku, an tuna da danginsa, da wanda ya sayar masa, da malaman da suka ci albashi daga dukiyar, da baƙon da ya kawo hotuna, da mutumin cikin littafi. Gajiyayyun da suka zauna a ɗakunan kwalejin ƙarni bayan ƙarni, da yaran da aka ɗauko daga unguwannin talakawan Landan, ba su cikin jerin. Wannan ba zai dame ni sosai ba da a ce sunaye ne kawai suka karkata, amma dukiyar ma ta bi su. Bayan dokar majalisa ta 1857 da sabon tsarin 1882, waƙafin ya rabu zuwa makarantu, manyansu uku a Dulwich, waɗanda yau suna cikin masu tsadar kuɗin makaranta a Ingila, ko da yake suna ɗaukar wasu yara kyauta ko da rangwame, kuma gidan gajiyayyun yana nan yana aiki a gefen tsohuwar kwalejin. Wanda ya karanta allunan titi kaɗai zai zaci gandun attajirai da malamansu ne tun asali, alhali takardar kafuwarsa da miskinai ta fara.

Ban ce a goge suna ko ɗaya ba, ko da na Alleyn ne da dabbobinsa da karnukansa. An yi ta canza sunaye a wasu unguwannin Landan a 'yan shekarun nan, kamar a Southall, inda a 2021 wani ɓangare na Havelock Road, mai sunan janar ɗin da ya yaƙi Indiyawa a 1857, ya koma Guru Nanak Road, kuma mutanen wurin suna da dalilinsu mai ƙarfi, tun da babban wurin ibadar Sikawa, mabiya Guru Nanak, a kan titin yake. Lamarin Dulwich dabam ne: can cire abin da ke ciwo aka nema, nan kuwa cike gurbi ake bukata. Kwalejin ta shahara da adana takardu, har littafin lissafin Henslowe yana wurinta, wanda manazarta wasan kwaikwayo suke dogara da shi wajen sanin zamanin Shakespeare. Gidan da ya iya ajiye lissafin bashin 'yan wasa shekara 400 ya isa ya fito da sunan tsohuwa guda daga cikin matan da aka ciyar, ko yaro guda daga cikin 12 ɗin, kuma masu kula da gandun, waɗanda har yanzu suke riƙe da ƙasa mai faɗin eka kusan 1,500, ba za su rasa sabon lungu ko sabon rukunin gidaje da za su raɗa wa sunan ba a karo na gaba da za su yi gini.