Dala 27 a Wata: Lissafin Mai Haɗa Manhaja a Talata Mafara

Alƙawarin da ake yi wa matasanmu a 'yan shekarun nan shi ne, wai ƙirƙirarriyar basira ta sauƙaƙa rubuta manhaja. Duk wanda ya mallaki kwamfutar tafi-da-gidanka zai iya haɗa wa 'yan kasuwa manhajar lissafin shago, ya riƙa karɓar kuɗi duk wata. Ana faɗin haka a tarukan bita, ana faɗi a bidiyon talla. Ɗaliban kimiyyar kwamfuta na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau da ke Talata Mafara suna ji. Iyayen da za su sayar da buhunan shinkafa su sayi kwamfutar su ma suna ji. Tunda aljihunmu ne zai biya, mu zauna mu buga lissafin.

Farashin kayan aikin a bayyane yake, kamfanonin ne suka wallafa shi. Kuɗin mai, na mota da na data kuwa ƙiyasina ne, mai karatu yana iya sa nasa. Dala ɗaya mu sa ta naira 1,500, wajen inda ta yi ta yawo a 2024 da 2025.

Mu fara da abin da ake biya da dala. Mataimakin rubuta manhaja irin su Cursor ko ChatGPT Plus dala 20 ne a wata. GitHub Copilot ya fi araha, dala 10, amma mu ɗauki na 20 tunda shi aka fi tallatawa. Sai hayar saba, wato kwamfutar da ke ajiye bayanan shaguna a intanet: ƙarama a DigitalOcean dala 6 ce. Sunan shafi kamar dala 12 a shekara, dala 1 ke nan a wata. Jimla dala 27, wato naira 40,500. Tun 2022 ake ɗora harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari a kan irin waɗannan hidimomi na kamfanonin waje. Da shi kuɗin ya kai kusan 43,500.

A watan Mayun 2023, lokacin da dala take wajen naira 460 a farashin gwamnati, wannan dala 27 naira 12,420 ce. Kamfanonin ba su ƙara ko sisi ba, amma kuɗin ya ninka fiye da sau uku. Babu mai shagon da ya yarda a ninka masa kuɗin wata sau uku.

Sai abin da ake biya da naira. Data 15,000 a wata, musamman tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 a Janairun 2025. Man janareto lita ɗaya a rana, kwana 26, a kan 900: naira 23,400. Wanda ya sa sola ya biya wannan ne a dunƙule tun farko. Kwamfuta ta hannu a 360,000, idan ta yi shekara uku, 10,000 ke nan a wata. Kuɗin mota zuwa wajen abokan ciniki a Bakura da Maradun, mu ce 12,000. Waɗannan huɗu sun tashi 60,400. A haɗa da na dala: 103,900. Har yanzu yaron da ke haɗa manhajar bai ci abinci ba. Mu ba shi mafi ƙarancin albashi na ƙasa, 70,000, wanda aka sa wa hannu a Yulin 2024. Jimla ta kusa 174,000 a wata.

To, nawa mai shago zai biya? Ni dai a ganina 3,000 a wata ma an yi masa tsada, domin abokin hamayyar manhajar ba wata manhaja ba ce. Littafin makaranta ne mai ganye sittin da biro, wanda ba ya buƙatar caji. Amma mu bar shi a 3,000. A raba 174,000 da 3,000, shaguna 58 ke nan. Idan ɗaya cikin huɗu ya ce a dawo ranar Talata mai zuwa, kuma duk mun san zai faɗa, ana buƙatar shaguna 78 kafin mai manhaja ya sami albashin ƙaramin ma'aikaci.

Masu talla za su ce ai kayan aikin suna sa a gama aiki da sauri. Hujjar da suka fi kawowa binciken da kamfanin GitHub ya yi ne a 2022. An ba masu rubuta manhaja 95 aiki guda. Waɗanda suka yi amfani da Copilot sun gama a awa ɗaya da minti 11, sauran kuma a awa biyu da minti 41. Ragin kashi 55 ke nan. Abu biyu ya kamata mu lura da su. Mai sayar da kayan ne ya yi binciken. Kuma aiki ɗaya ne, ƙarami, wanda aka fara daga farko. A Yulin 2025 wata cibiyar bincike mai suna METR ta gwada ƙwararru 16 a kan ayyuka 246 cikin manyan manhajojin da suka saba da su. Da kayan ƙirƙirarriyar basira aikin ya ƙara ɗaukar lokaci da kashi 19. Su kuwa bayan sun gama sun ɗauka sun yi sauri da kashi 20. Wannan giɓi tsakanin abin da mutum yake ji da abin da agogo ya nuna shi ne ya fi damuna, domin a kan jin ake biyan kuɗin wata.

Duk da haka mu ba masu talla nasu kashi 55 ɗin cif. Mai haɗa manhaja a Mafara ba ya wuni yana rubutu. Cikin awa goma na yininsa, uku ne a gaban kwamfuta idan an yi sa'a. Sauran bakwai suna tafiya wajen lallashin mai shago, koya wa yaron shago yadda ake shigar da ciniki, gyara firintar rasit, jiran wuta, da bin bashi. Kashi 55 na awa uku bai kai awa ɗaya da minti 40 ba. A wata ya zama awa 43. Albashin 70,000 a kan awa 260 ya sa awa ɗaya ta zama naira 269. Awa 43 ke nan ta tashi kusan 11,500. Kayan aikin dala 20 da harajinsa 32,250 ne. Ka biya 32,250 ka ceci 11,500. Ko da Copilot na dala 10 aka ɗauka, 16,125 ne, bai fitar da kansa ba.

Ba wai kayan ba su da amfani ba. Don wata kasuwa aka yanka farashinsu. Ma'aikaci a Amurka mai karɓar dala 50 a awa yana biyan dala 20 da aikin minti 24. Namu sai ya yi awa 120.

Akwai kuma abin da sauri ba ya gyarawa. Duba littafin mai sayar da taki da maganin feshi a Bakura. Manomi ya ɗauki buhu biyu na taki a farkon damina, an rubuta sunansa da na ƙauyensu da na wanda ya tsaya masa. Ba a rubuta ranar biya ba, an dai san sai kaka. Idan kaka ta zo, rabin kuɗin zai zo a naira, rabin a buhun shanshera, kuma farashin buhun sai ranar kasuwa ake saninsa. Wani an yi masa rangwame saboda ruwa ya ci gonarsa, an ja layi a kan lambar, an rubuta wata a gefe. Idan ka ce wa mataimakin rubuta manhajar nan ya haɗa maka manhajar shago, zai ba ka mai tsayayyen farashi, mai lambar kaya, mai wa'adin kwana talatin. Cikin minti biyar zai yi. Mayar da ita ta fahimci bashin kaka, da tiya, da sari da kiri, da la'adar dillali, aikin wanda ya zauna a bencin shagon ne mako da makonni. Wannan lokacin babu dalar da ke rage shi.

Sai batun sabis. A ranar 3 ga Satumban 2021 aka katse layukan sadarwa a duk faɗin Zamfara saboda yaƙi da 'yan bindiga. An rufe kasuwannin mako a daidai wannan lokaci. Gusau ta sami sabis a farkon Oktoba, sauran ƙananan hukumomi sai wajen ƙarshen Nuwamba. Kusan wata uku. Duk manhajar da ke ajiye littafin bashi a saba ta zama kulle a wannan lokaci, mai shago ba ya ganin wanda yake bi. Shaguna 58 sau 3,000 sau wata uku, 522,000 ke nan da ba za su shigo ba, alhali hayar saba tana ci gaba da hawa. Wanda zai gina manhajar da ba ta aiki sai da intanet a Maradun, dole ya sa wannan rubu'in shekara a lissafinsa, domin ya taɓa faruwa.

Za a ce akwai na kyauta. Akwai. Tun Disamban 2024 Copilot yana da sashen kyauta mai iyaka. VS Code da Flutter da SQLite duk kyauta ne, kuma da su ana iya haɗa manhajar da ke ajiye komai cikin wayar mai shago. Sai dai a bambanta kayan da ka sauke suka zauna a kwamfutarka da masaukin da kamfani ya ba ka aro. Kamfanin Heroku ya yi shekara da shekaru yana ba da masauki kyauta, ranar 28 ga Nuwamban 2022 ya rufe masaukin kyautar. A gida ma, kamfanin Kippa na Legas ya tara dala miliyan 8.4 a 2022 da manhajar rubuta ciniki da bashi ta kyauta. Ya nemi kuɗin shiga ta harkar POS, a ƙarshen 2023 ya rufe wannan sashe ya sallami ma'aikata. Mai miliyoyin dala ke nan a kan irin abokan cinikin da ake tura yaronmu wajensu.

Idan aka cire dala 27 gaba ɗaya, kuɗin wata ya sauko 130,400, shaguna 44. Har yanzu da yawa. Lissafin ya fi kusa da daidaituwa idan aka sauya abokin ciniki. Makarantar kuɗi da za ta biya 40,000 a zangon karatu don sakamakon jarrabawa da lissafin kuɗin makaranta tana ba da 120,000 a shekara, 10,000 a wata. Irinta 14 sun isa. Haka masu injin casar shinkafa, da manyan shagunan magani, da ƙungiyoyin masu amfani da ruwa na aikin noman rani na Bakolori, waɗanda ke riƙe da sunayen manoma da girman gonaki da kuɗin ruwa. Sha huɗu adadi ne da mutum ɗaya zai iya zagayawa kafin la'asar ta yi sanyi hanya ta zama abin tsoro. Amma su ma ƙidayayyu ne. Za su ɗauki mutum biyu ko uku a ƙaramar hukuma, ba ɗari ba.

Nan ne shirin 3MTT na gwamnatin tarayya, wanda aka ƙaddamar a ƙarshen 2023 don horar da mutum miliyan uku, yake buƙatar tambaya. A raba miliyan uku da ƙananan hukumomi 774: kusan 3,876 kowacce. Mafara da Bakura da Maradun sun tashi da 11,628. Ba duka ne za su haɗa manhajar kasuwanci ba. Mu ɗauki ɗaya cikin ɗari kawai, mutum 116. Kowanne yana buƙatar shaguna 58. Shaguna 6,728 ke nan masu biyan 3,000 duk wata ba fashi, a ƙananan hukumomi uku. Masu shirya bita suna sanar da yawan waɗanda suka karɓi takardar shaida. Adadin da muke buƙata daga gare su shi ne nawa cikin 'yan bara ke da abokin ciniki mai biya a yau, nawa yake biya, kuma wata nawa ya yi yana biya.