Hukuncin Gwajin Magani a Jikin Biri

Yau za mu duba hukuncin gwajin magani a jikin biri.

Dattawan Tudun Wadan Zariya ba su manta yadda shan inna ya riƙa gurgunta yara ba. A shekarar 1908 likitoci biyu a birnin Biyana suka gano ƙwayar cutar, bayan sun sanya wa birai ita. Allurar rigakafin da ta fito a 1955 kuwa, a cikin naman ƙodar biri aka raini ƙwayarta. Dubban birai sun halaka. A 2020 aka tabbatar da cewa Nijeriya ta rabu da ƙwayar asali ta cutar.

Shehu Izzuddini ɗan Abdussalami, a littafinsa Ƙawa'idul Ahkami, ya shimfiɗa ma'auni: idan maslaha da ɓarna suka haɗu, sai a auna, a bi wadda ta rinjaya. Tsare rai yana cikin manyan manufofin Shari'a, saboda haka larura ta halatta irin wannan gwaji.

Amma larura tana da iyaka. Biri yana jin zafi, kuma hadisi ya tabbatar da cewa wata mace ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare ba abinci. Don haka muke ganin sharuɗɗa uku: cutar ta kasance mai kisa ko nakasarwa, a rasa wata hanya, sannan a taƙaita yawan biran tare da kashe musu zafi.

Mai jan biri da sarƙa a bakin kasuwa ba shi da wannan uzuri, mu masu jefa masa kuɗi ma haka. Allah Ya sa mu dace, amin.